Haƙorin Auta

A unguwar ba wanda yake kiransa da sunansa. Mai Haƙori ake ce masa, manya da yara, shi kuma yana amsawa ba tare da ya ɗaga kai ba. Ba likita ba ne, kuma idan ka kuskura ka kira shi likita zai tsayar da kai a tsakiyar titi ya gyara maka. A asibitin haƙorin da yake aiki, Likita tana ɗakin gaba, inda kujera mai kwanciya take da fitilar nan mai dogon wuya. Shi nasa ɗakin yana can ciki, bayan an wuce wurin wanke hannu, ƙarami ne mai taga ɗaya da take kallon bayan wani kantin magani. A nan yake haɗa haƙoran roba na tsofaffi, da na tangaran na waɗanda suka yi haɗari, da farantan waya na yaran da haƙoransu suka fito a karkace.

Ɗan mai gyaran agogo ne. Tun yana ƙarami ya saba da zama wuri ɗaya yana ƙanƙance ido a kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Uban ya so ya gaje shi, amma sana'ar ta fara mutuwa, agogo in ya lalace sai a jefar a sayi wani. Sai wani abokin uban ya kai shi wurin wani tsoho mai haɗa haƙora, ya ce ga yaro mai hannu. Tsohon bai tambaye shi takardar makaranta ba. Waya ya miƙa masa da filaya, ya ce ya lanƙwasa ta ta bi bakin kofin shayi ba tare da ta bar rata ba. Ya lanƙwasa. Daga baya ya je ya yi karatun sana'ar ya samo takarda, amma har gobe ya fi ba da labarin kofin shayin.

Aikin haka yake. Likita za ta sa wa mutum wani ƙulli mai laushi a baki ya ciza, in ya daskare a zaro shi da sawun haƙoran a jiki. A kawo wa Mai Haƙori ya zuba farin siminti a cikin sawun, in ya bushe ya fito da bakin mutum sak, har ɗan tsagin da ya samu wajen buɗe kwalba da haƙori. Kantocin ɗakinsa cike suke da irin waɗannan bakuna, a jere, fari fat, wasu a buɗe wasu a rufe. Da yawa daga masu su bai taɓa sa su a ido ba. Yakan ce ya fi sanin mutanen garin nan ta ciki fiye da ta waje.

Tsohon da ya koya masa aiki ya koya masa awo. Fuska kashi uku ce, in ji shi: daga inda gashi ya soma zuwa gira, daga gira zuwa gindin hanci, daga gindin hanci zuwa ƙarshen haɓa. In ukun suka zo daidai, ido yana hutawa a kan fuskar. Tsagar da ke tsakanin haƙoran gaba guda biyu kuma ta faɗo daidai ƙarƙashin tsakiyar hanci. Haƙorin gaba tsawonsa ya ɗan fi faɗinsa, na kusa da shi ya ɗan rage, na gaba da wancan ya ƙara ragewa. Abu ne mai amfani, ba wanda ya musa, domin dattijon da ya zo ba ko haƙori ɗaya a bakinsa, awon ne kaɗai zai gaya maka girman waɗanda za ka yi masa. Matsalar Mai Haƙori ita ce bai iya barin awon a wurin aiki ba. Ma'auninsa na ƙarfe, mai baki biyu da ake buɗewa da rufewa, kullum yana aljihun gaban rigarsa, inda wasu suke soke biro.

Gidansu na haya ne, a hawa na biyu. Matarsa mai ɗinki ce, kekenta yana falo kusa da taga, kuma bakinta bai fi almakashinta rashin kaifi ba. Da yamma in an kunna talabijin, mai karanta labarai ba ta gama gaisuwa ba Mai Haƙori zai karkata kai.

“Haɓarta ta gaza,” ya ce. “Kashi na uku bai cika ba.”

“Baban Auta,” in ji matar, “labarin ambaliya ake karantawa, mutane sun rasa gidajensu, kai kana can wajen haɓa.”

Ko a jikinsa. Baƙo in ya zo, kafin ya gama shan ruwa an riga an san ko tsagar haƙoransa ta kauce wa hancinsa. Yaran maƙwabta kuwa wasa suka mai da abin. Sukan yi layi a kan matakala ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan goshi ya yi yawa, wancan baki ya fi ƙarfin fuska, a yi ta dariya a watse. Ba mugunta ba ce. Mutum ne da ya san abu ɗaya da kyau, kuma yana son a san ya sani.

'Ya'yansa maza biyu sun girma sun tafi neman na kansu. Saura Auta, mace ɗaya tilo, wadda ta zo bayan an fid da rai. Ita ce mai riƙe masa ma'auni a kan matakala, ita ce mai karanta abin da ya nuna da babbar murya. Kafin ta iya lissafin sau, ta haddace kashi ukun nan da tsagar da ke saukowa daga hanci.

Haƙoran Auta na gaba guda biyu sun ɗan leƙo waje, na hagu kuma ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. In ta shagala da karatu leɓɓanta ba sa haɗuwa. Tana ƙarama ta taɓa faɗuwa a matakalar nan, lokacin da haƙorin hagun bai daɗe da fitowa ba, ta buga baki, aka ga jini, aka yi kuka, aka warke aka manta. Yarinya ce mai dariya. Ba irin dariyar da ake yi da leɓe ba, tata da fuska duka take yi, kai a baya, ido a rufe. Mai Haƙori in ya taso daga aiki tun daga ƙasan bene yake jiyo ta, kuma duk gajiyar da ya kwaso a nan take sauka.

Shekarar da ta cika sha huɗu dariyar ta ɗauke. Uwar ce ta fara lura. Auta ta koma cin abinci tana kallon bango, in za ta yi magana sai ta sunkuyar da kai, in abu ya ba ta dariya sai hannu ya riga dariyar isa baki. Aka tambaye ta, ta ce ba komai. Aka sake tambaya, ta ce kanta ke ciwo. Sai da uwar ta tsare ta a bakin keken ɗinki ta ce yau ba inda za ki, sannan maganar ta fito. Wata yarinya ce a ajinsu ta zo da waya mai wata manhaja da take ɗaukar hoton fuska, ta zana layuka a kai, ta ba da maki. Lokacin hutun tara suka yi ta miƙa wa juna. Na Auta ne ya zo ƙasa da na kowa a cikin mata, har da jan da'ira a kan bakinta. Kafin a tashi maza sun sa mata suna Zomo.

Da Mai Haƙori ya ji, dariya ya fara yi, irin ta wanda aka taɓa masa sana'a.

“Waya ce fa, Auta. Me waya ta sani?”

Ta ɗago ta dube shi, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

“Layukan da ta zana naka ne, Baba. Kashi uku, da wanda yake saukowa daga hanci. Ba ta faɗi abin da ba ka faɗa ba.”

Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani.

“Ka gyara min,” ta ce. “Kana gyara na kowa.”

Washegari ya kai ta wurin Likita. Sun daɗe suna aiki tare, yana ganin girmanta, sai dai a ransa yakan ce ta cika nawa, komai sai ta ce a jira. Ta kwantar da Auta a kujera, ta duba, ta ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da gindin ƙaramin madubi, ta daɗe a kan na hagun.

“Wannan ya taɓa buguwa?”

“Tun tana ƙarama ne, ranki ya daɗe. Ya warke tuni.”

“A ɗauki hoton saiwarsa in gani. Amma ko me hoton ya nuna, ba zan sa mata waya yanzu ba, Malam. Muƙamuƙinta bai gama girma ba. A dawo da ita baɗi mu yi abin a hankali.”

Ta dafa kafaɗar Auta ta ce mata ta kwantar da hankalinta, abu ne mai gyaruwa. Auta ta ce to. Sai da suka kai ƙofar bene sannan ta maimaita kalmar ita kaɗai, “Baɗi,” kamar an ce mata bayan rai. Shi kuma ya ce a ransa, tunda waya sai baɗi, ai hoton ma zai iya jira. Bai kai ta ba.

Wanda ya wuce shekara sha huɗu ya manta tsawon shekara ɗaya a wurin mai sha huɗu. Auta ta samo takunkumin hanci ta ce mura take yi, murar ta ƙi warkewa har aka shiga wani zangon. Malamar ajinsu ta aiko cewa yarinyar da take rigan kowa ɗaga hannu yanzu ko an kira sunanta sai ta yi kamar ba ta ji ba. Ranar da aka ɗauki hoton 'yan aji ta ce cikinta ke ciwo ta zauna a gida. Uwar ta sa Mai Haƙori a gaba.

“Kai da kake daidaita bakin 'ya'yan mutane, taka tana tafiya da ƙyalle a fuska. In na ga rigar Auta ta yage, sai in ce ta jira baɗi?”

“Haƙori ba riga ba ne.”

“To ka zauna kana kallonta. Ni dai na gaji da ganin ƙeyarta.”

Ba maganar matar ce ta karya shi ba, ya saba da ita. Shirun benen ne. Kullum in ya taso zai ɗan tsaya a ƙasa ya kasa kunne, ba abin da yake ji sai ƙarar keken ɗinki. Kuma ya san, ko bai faɗa wa kowa ba, cewa ma'aunin da yarinyar take dukan kanta da shi daga aljihunsa ya fito.

Wata ranar hutu da asibitin yake rufe ya ce ta sako takalminta. Ya buɗe ɗakinsa na baya, ya kwaɓa ƙullin da kansa, ya sa mata ta ciza. Da simintin ya bushe ya ɗora bakin 'yarsa a tafin hannu yana jujjuyawa, sai ya ga abin kamar wasa. Ɗan turi ne kawai. A matsa na hagun baya, a ba shi wuri, na daman ya bi shi. Ya yi irin wannan faranti ba adadi, ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba. Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, duk masu waɗancan farantan Likita ta riga ta ga saiwoyin haƙoransu kafin a kawo masa aikin. Siminti daga dasashi zuwa sama yake nunawa. Abin da yake binne a cikin ƙashi ba ya fitowa a sawu, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon sawu yana iya mantawa da akwai shi.

Ya yi farantin, kuma bai taɓa yin mai kyansa ba. Roba ce ruwan hoda da take manne wa saman baki, da siririyar waya da ta ratsa gaban haƙora, da ɗan noti a jiki wanda ake murɗawa da wani ƙanƙanin makulli domin ya ƙara matsi. Ya ce shi zai riƙe makullin. Ta ce, Baba kai da kake fita da sassafe, ka ba ni, ai na iya. Ya dubi fuskarta, ya ga ta ɗan saki a karon farko cikin watanni, ya miƙa mata.

“Sau ɗaya a mako. Murɗi ɗaya tak. Haƙori ba ya son gaggawa.”

“Na ji, Baba.”

Haƙoran suka fara tafiya, kuma da sauri suke tafiya. A nan ya kamata ya sha jinin jikinsa, domin ya san saurin da haƙori yake yi da wanda ba ya yi. Maimakon haka sai kansa ya fasu. Ya riƙa kiran matar ta zo ta gani, yana cewa wani aikin sai mai shi. Auta ta ajiye takunkumi. Ta koma cin abinci tare da su, ko da yake ta daina cizon komai da gaba, sai ta gutsura da hannu ta tura gefe. Ya gani, ya ce ai dama waya takan ɗan yi tsami. Wata yamma ya taso ya jiyo dariyarta daga ƙasan bene, gajeriya ce, amma tata ce. Ya tsaya riƙe da ƙarfen matakala sai da ta ƙare, sannan ya hau.

Da safe ne ya gani, suna shan shayi, rana tana shigowa ta tagar falo. Idonsa idon launi ne, yana iya raba fari da fari. Haƙorin hagu ya ɗan dushe, ya yi duhu-duhu kusa da ɗan'uwansa. Ya ajiye kofi ya ce ta matso. Ya ɗaga leɓenta ya ga dasashin ya kumbura ta sama. Ya sa ɗan yatsa ya taɓa haƙorin, sai ya motsa.

“Tun yaushe yake ciwo?”

“Ba ya ciwo sosai.”

“Tun yaushe, Auta?”

Ta kau da kai. Uwar ta tsayar da keke tana duban su.

A ranar aka ɗauki hoton da ya kamata a ɗauka tun farko. Likita ta ɗaga shi ga fitila ta daɗe tana kallo, sannan ta kira shi ya zo ya gani da idonsa. Saiwar na dama doguwa ce, ta shiga ƙashi ta zauna daram. Ta hagun guntuwa ce, tun faɗuwar matakala ba ta ƙarasa girma ba, ɗan abin da ya rage yake riƙe da ita kuwa an tura shi an tura har ya saki.

“Malam, me aka sa wa yarinyar nan?”

Ya ciro farantin daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Ta ɗauka ta jujjuya shi, ta bi wayar da ɗan yatsa.

“Aikin ya yi kyau,” ta ce.

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kore shi ba. Ta ce za ta gwada ceto haƙorin, kuma ta gwada, ta ɗaure shi da maƙwabtansa, ta wanke cikinsa, aka yi ta zuwa ana dawowa. Haƙorin bai tsaya ba. Ranar da za a cire shi Mai Haƙori bai iya shiga ɗakin gaba ba, uwar ce ta shiga ta riƙe wa Auta hannu. Shi yana ɗakinsa a tsakiyar fararen bakunan mutane. Bangon siriri ne, kuma shekara da shekaru yana jin ƙarar da haƙori yake yi in an jefa shi a ɗan kwanon ƙarfe, bai taɓa ɗaga kai ba. Ranar ya ji ta har cikin ƙashinsa.

Gidan ya yi tsit. Matar ta yi kukanta a gaban keke, rabi tana cewa ita ta jawo, rabi tana cewa ai shi ne masani, me ya sa ya biye mata. Duka biyun ba su rage masa komai ba. Auta ta mai da takunkumi. Yanzu ba leƙowa ba ce take ɓoyewa, giɓi ne a tsakiyar fuska, a shekarun da yarinya take duba madubi kafin ta buɗe wa mai sallama ƙofa.

Da wurin ya warke, Likita ta ce za a yi mata haƙori ɗaya a jikin ɗan faranti ta riƙa sawa, har ta gama girma a dasa mata na dindindin. Ta ce za ta aika aikin wani wuri, ba don ta raina hannunsa ba, sai don ta ga bai kamata a ɗora masa ba.

“Ranki ya daɗe, ki bar ni in yi.”

“Za ka iya kallon wurin?”

“Ni na ɓata. In wani ya yi, kullum zan riƙa ganin inda ya kuskure.”

Ta ce sai in yarinyar ta yarda. Aka tambayi Auta. Ta ɗaga kafaɗa ta ce duk ɗaya ne.

Launin haƙori ba a zaɓensa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ƙarya yake yi. Da hantsi ake zaɓa, a bakin taga, kuma ba a daɗewa ana kallo, don ido in ya gaji komai sai ya zama iri ɗaya. Akwai jerin haƙoran gwaji a jikin wani ɗan allo, daga fari tas har zuwa mai ruwan ƙwai, ana zaro su ɗaya bayan ɗaya ana karawa kusa da na mutum. Ya ja mata kujera zuwa tagar ɗakinsa, ya zauna a gabanta, gwiwarsu tana kusan haɗuwa. Ta cire takunkumin ta riƙe shi a cinya, amma ta tsuke baki.

“Buɗe in gani.”

Ba ta buɗe ba. Tana kallon bayan kantin magani ta ce, “Kullum nake murɗawa, Baba. Wata ran ma sau biyu.”

“Na sani.”

“Ba laifinka ba ne.”

“Ni na ba ki makullin. Ni na yi abin da ake murɗawa. Bar wannan maganar, ba taki ba ce.”

Ta shiga nannaɗe igiyar takunkumin a yatsa. Yana ganin yadda take tura harshe a giɓin ta bayan leɓe.

“In tambaye ka wani abu?”

“Tambayi.”

“Kowa ka auna. Yaran maƙwabta, da yayyena, da baƙi, har matar talabijin. Ni ce mai riƙe maka ma'aunin. Amma ni ba ka taɓa auna ni ba, ko sau ɗaya.”

Ya buɗe baki zai ce ba haka ba ne, ya tsaya, ya lalubi shekarun baya ɗaya bayan ɗaya. Haka ne. Bai taɓa ba. Bai ma taɓa zuwa masa a rai ba. Awo na fuskar da kake neman abin da ya gaza a cikinta ne, shi kuwa tun ranar da aka miƙo masa ita a cikin tawul bai taɓa duban fuskar nan yana neman wani abu ba.

“Ban ga abin aunawa ba,” ya ce a hankali.

“Ni na ɗauka tsoro kake ji. Na ɗauka ka riga ka san abin da zai nuna, ba ka so ka faɗa a gaban yara.”

“Tun yaushe kike wannan tunanin?”

“Tun kafin wayar. Waya dai ta faɗa ne da ƙarfi.”

Ya ɗora allon gwajin a gwiwa. Baƙin cikin da ya ji ya fi na ranar kwanon ƙarfe. Ashe ranar da ta tsaya a gabansa ta ce ya gyara mata, tambaya take yi masa, shi kuma ya amsa da kai ta wurin Likita, sannan ya amsa da roba da waya. Duk abin da ya yi don ƙaunarta, a wurinta tabbaci ne cewa akwai abin gyara.

“Auta, dube ni.” Ta dube shi. “Ke kyakkyawa ce. Da haƙoran nan yadda suke, da leƙowar, da komai. Ban taɓa ganin fuskar da ta fi taki ba, kuma fuska na gani da yawa. Wallahi ba don in rarrashe ki ba.”

Ta daɗe tana kallonsa. Ba fushi a idonta, tausayi ne ma, irin wanda bai kamata 'ya ta ji wa ubanta tun tana wannan shekarun ba.

“Da a lokacin ka faɗa, da na yarda,” ta ce. “Yanzu ai dole ka faɗa, Baba.”

Ta share ido da bayan hannu, ta gyara zama, ta juya fuskarta ga taga yadda haske zai faɗa mata daidai, ta buɗe baki. Ya zaro haƙorin gwaji na farko ya kara kusa da na daman, ya jira idonsa ya washe.